Rigar Da Aka Ɗinka Daidai

Duk yaron da ka gani a layin nan hannun riga ya haɗiye masa yatsu, ƙafar wando tana share ƙasa, ba sai ka tambaya ba, ɗinkin Zai Girma ne. Ainihin sunanta yana nan a katin asibiti, amma ko mijinta, Allah ya ji ƙansa, da Zai Girma ya riƙa kiranta har ya bar duniya. Ita ta jawo wa kanta. Shekara talatin da ɗoriya tana zaune bayan keken ɗinki a wani ɗan shago, mai guga a damanta, mai gyaran waya a hagunta, kuma a tsawon shekarun nan amsa ɗaya take da ita ga kowane ƙorafi. Uwa za ta shigo tana jan yaro kamar an zura sanda a buhu, ta ce, "Haba baiwar Allah, dubi yaron nan fa!" Ita kuwa ko kai ba za ta ɗaga ba, allura a gefen baki, sai ta ce, "Zai girma." Ko mace aka kawo haka take faɗa, ba ta da lokacin gyara magana.

Ba wai ba ta iya awo ba ne. Tef ɗinta kullum yana rataye a wuya, har lambobin farko sun goge. Za ta auna yaro tsaf, ta rubuta, sannan in ta shimfiɗa yadi sai ta ɗora yatsu huɗu a bayan layin alli, nan almakashi zai bi. Rabin wannan rarar ta bar wa yaro ya yi iyo a ciki, rabi ta naɗe, kalmasa kan kalmasa. Bayan shekara a dawo mata da rigar, ta sa reza ta farke, ta saki yatsa biyu, riga ta koma sabuwa. Akwai yaran da suka gama firamare da riga ɗaya ta hannunta, ta koɗe ta yi fari amma ba ta taɓa matse su ba.

Mai guga shi ne ya fi kowa tsokanarta. Zai ɗaga riga sama da hannu biyu ya leƙo shagonta.

"Zai Girma, wannan ta yaron ce ko ta ubansa? Wallahi da ni da shi za mu shiga, har mu yi wa baƙo tayi."

"Goge abin da aka ba ka. Da a ce bakinka ne dutsen gugar, da tuni ka ƙone kayan unguwa."

Abin da ba su sani ba, ita ce babba a cikin 'ya'ya tara. Tana aji uku aka ɗinka mata rigar makaranta cif da jikinta. Ta yi kyau wata huɗu, sannan ta shekara biyu tana yanka mata hammata. Ko ta san amsa a aji ba ta iya ɗaga hannu, don ɗinkin zai ɓarke a yi mata dariya, har malamai suka yanke cewa daƙiƙiya ce. Har gobe in ta ga rigar da ta zauna wa yaro ɗas, hammatarta ce take fara yi mata ƙaiƙayi. Da wannan keken ta raini 'ya'yanta huɗu bayan rasuwar ubansu, dukansu a cikin kayan da suka fi ƙarfinsu, kuma dukansu suka girma suka cike su. Don haka ba ta taɓa ganin dalilin da zai sa ta canza ba.

Auta, ƙaramar 'yarta, tana koyarwa a makarantar ƙananan yara. Mijinta mai gyaran wuta ne, mutum mai sanyin hali, wanda ba ya iya haɗa ido da surukarsa. Da Auta ta samu cikin fari ba ta yi wasa da awo ba. Sau biyu ta je aka yi mata hoton ciki a wani ɗaki da ke saman kanti, mutumin ya goga mata na'ura a ciki minti uku, ya ce mace ce, komai lafiya, ya miƙo mata takarda mai baƙin hoto. Ku ji fa. Mutumin da idonsa ya iya gano mace ce, bai ga zuciya tana lilo a waje ba. Kuma har yau ɗakin nan yana buɗe, mata suna hawa benen da ciki niƙi-niƙi.

Zai Girma ta ɗinka riguna goma sha biyu. Auta ta ɗaga ɗaya tana dariya.

"Umma, jaririya fa zan haifa, ba 'yar makaranta ba."

"Ƙawata ce za ta sa, ba ke ba. Ki bari ta zo ta yi ƙorafi da bakinta."

Da hantsi aka yi haihuwar. Zai Girma tana zaune a benci a bakin ɗakin haihuwa, jakar kayan a cinyarta. Ta ji kuka, siriri amma kuka ne, ta ce alhamdu lillahi, ta fara zuge jaka. Sai ta ji ɗakin ya yi tsit. Ba jaririyar ce ta yi shiru ba, manyan ne. Wata nas ta fito da gudu, ta koma da mutum biyu. Aka wuce da wani abu a lulluɓe, ba wanda ya kalli benci. Ta fi awa ɗaya a zaune da 'yar riga a hannu kafin wata babbar nas, mai jiki, mai kaushin murya, wadda kowa ke kira Sista, ta tsaya a kanta ta ce, "Mama, ke ce uwar mai haihuwar? Taso."

Jaririyar tana cikin kwalba. Gashi baƙi ƙirin, a kwance luf, hancin ubanta, dogayen yatsun Auta. Komai nata ya cika. A tsakiyar ƙirjinta kuma, ƙarƙashin jiƙaƙƙen bandeji da wata leda mai haske, akwai wani abu ja da bai kai ƙwan kaza ba, yana tsalle. Yana kumbura yana saɓewa, yana kumbura yana saɓewa, da sauri kamar keken ɗinki in an sa masa ƙafa biyu. Zai Girma ta tsaya tana jira ta ji wani abu. Ba ta ji ba. Ba kuka, ba jiri, ba faɗuwar gaba. Abin da kawai ta lura da shi, filastar da aka manna a gefen hagu ta karkace.

Likitar wata siririyar mace ce da tabarau, ta ja ta gefe ta ba ta kujera. Zai Girma ba ta zauna ba.

"Zuciyarta ce?"

"Ita ce, Mama."

"Tana aiki?"

"Tana yi."

"To ku mayar da ita ciki ku ɗinke mana. Me ake jira?"

Likita ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce tun cikin yana 'yan makonni ƙashin ƙirji yake haɗewa ya rufe zuciya, na wannan bai haɗe ba, sai zuciyar ta girma a waje. Da yake ba ta cikin ƙirjin, shi kuma bai buɗe mata wuri ba, ya tsaya ƙarami. In aka tura ta da ƙarfi jijiyoyin za su lanƙwashe, kamar an taka tiyon ruwa. Ta ce akwai inda ake gwada aikin kaɗan-kaɗan, wasu ƙalilan su rayu, amma wannan zuciyar ita kanta ba ta ginu daidai ba, sun duba, akwai ɓuli a cikinta, ko ina aka kai ta ba za ta ɗauki tiyata ba. Ta ce abu ne da a cikin haihuwa miliyan da ƙyar a samu 'yan kaɗan, kuma ba laifin uwa ba ne, ba laifin uba ba ne, ba abin da aka ci ko aka sha.

Zai Girma ta juya ta kalli kwalbar. Can ta ce, "Wato ba a bar mata rara ba."

Likita ta dube ta. "Haka ne, Mama."

"Har yaushe?"

"Kwanaki. Wataƙila uku, wataƙila mako. Allah ne masani."

Kafin la'asar labari ya zaga asibitin. Masu jinyar wasu, masu kawo abinci, har wanda ya zo cire haƙori, kowa ya samu dalilin bi ta gaban tagar ɗakin jarirai. Yayar mijin Auta, wadda aka bari ta shiga don ita dangi ce, ta zaro waya ta ɗauka tana motsi, ta tura wa mutum ɗaya tak, in ji ta, don ya taya su addu'a. Washegari da safe mai gyaran waya ya ga jikar maƙwabciyarsa a wayar wani da ya kawo gyaran caji. An ɗora mata waƙa mai ban tausayi. A ƙasa mutane sun zuba bayani: wannan ya ce uwar ta sha maganin da bai kamata ba, wannan ya ce ishara ce, wata ta ce a binciki gidan. Mutanen da ko ciwon kansu ba su san maganinsa ba, duk sun zama likitoci da malamai a kan 'yar mutane. Ba wanda ya ɗauki fuskarta a hoton. Ko gashin nan mai kyau ba a gani ba.

Auta kuwa sau ɗaya ta ga 'yarta, lokacin da aka ɗaga ta za a fita da ita. Tun daga nan ta juya fuska bango. Ba ta kuka, ba ta cin abinci, in an yi mata sannu ta ce yauwa. Nono ya kawo ya jiƙa mata riga, ta bar shi yana zuba. A rana ta biyu, uwarta tana ninke zanen gado, Auta ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Umma, ban san nauyinta ba."

"An auna ta ai. Yana rubuce a kati."

"Ba na kati ba. Wata tara ina ɗauke da ita, za ta tafi ban san nauyinta a hannuna ba."

Zai Girma ta ajiye zanen ta fita neman Sista. Sista ta ce ba rowa suke yi ba. Sun kifa wani ɗan kwanon roba a kan zuciyar don kada wani abu ya taɓa ta, sun manne shi da filasta, amma filastar tana cin fatar yarinyar, kuma da an ɗan motsa ta kwanon yake zamewa. In bakinsa ya danne jijiya ko sau ɗaya, shi ke nan. Tana cikin magana idonta ya sauka a kan tef ɗin da ke wuyan Zai Girma, wanda ta fito da shi ranar naƙuda ba ta ma san yana nan ba.

"Mama, tela ce ke?"

"Shekara talatin."

"Za ki iya ɗinka min 'yar riga marar hannu, da aljihu a gaba wanda kwanon nan zai zauna a ciki daram? Yadin auduga mai laushi. Ta kama jikinta, kada ta motsa ko kaɗan. In kwanon ya zauna, ni da kaina zan ɗora wa uwar ita a hannu."

Sista ta goge tef ɗin da magani, ta zura hannu ta ƙofar kwalbar, tana faɗar lamba, Zai Girma tana rubutawa da biro a tafin hannunta. Zagayen ƙirji inci goma sha biyu. Kafaɗa zuwa cibiya, biyar da rabi. Aka ba ta wani kwano irin wancan ta tafi da shi. Sista ta ƙara ja mata kunne cewa duk abin da zai taɓa yarinyar sai ya shiga tukunyar da ake dafa kayan aiki, kuma sau ɗaya ake kunna ta a rana, ƙarfe biyu.

Ta buɗe shago da azahar ta wuce. Mai guga ya leƙo, ya ga fuskarta, ya ce, "Sannu, Zai Girma. Ya mai jiki?" Ta ce da sauƙi. Ya koma bai ƙara ba. Ta zaɓi farin yadi mai ɗigon shuɗi, ta wanke hannu bayan ta kwafe lambobin, ta ja layi da alli. Aljihun kwanon ta yi shi kamar an zuba, sau uku tana gwadawa tana farkewa. Da ta zo yankan jikin rigar sai ta ɗora yatsu a bayan layin. Ba huɗu ba, biyu, tunda jaririya ce. Kada wani ya ce mantawa ta yi. Ta ga layin, ta ga yatsun, kunnenta ya ji abin da Sista ta faɗa. Hali zanen dutse. Almakashi ya bi ta bayan yatsun, ita kuma ta bar shi.

Tukunyar ranar ta riga ta wuce, don haka rigar ta shiga ta washegari, rana ta uku, ta fito da zafi a naɗe cikin takarda da yamma, lokacin Sista ta tashi daga aiki. Sai safiyar rana ta huɗu aka gwada. An gaya wa Auta, ta tashi zaune a karon farko, ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali, aka turo ta a keken marasa lafiya har bakin ɗakin jarirai. Zai Girma tana tsaye a ciki da takunkumi a baki. Yarinyar ta rame a kwana huɗun nan, leɓenta ya fara yin duhu. Sista da wata nas suka zura mata rigar a hankali, suka ɗaure igiyoyin baya, Sista ta ɗan ɗaga kafaɗarta da yatsu biyu. Kwanon ya sulale gefe. Sista ta cafke shi kafin ya kai.

"Mama! Me na ce miki? Wannan ai ta 'yar wata uku ce!"

Bakin Zai Girma ya buɗe da kansa, kamar yadda ya saba shekara talatin. "Zai gir..."

Ta tsaya. Sista ta zare rigar, ta mayar da filasta, ta rufe kwalba, sannan ta juyo. Muryarta ta sauka.

"Mama. Ba za ta girma ba. Ɗinka mata ta yau."

A waje Auta ta kalli hannun uwarta, ta ga rigar, ba ta ga 'ya ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Kin bar rara, ko Umma?"

Zai Girma ta ninke rigar a hannunta.

"A cikin buhu kika raine ni tun ina rarrafe, ban taɓa ce miki komai ba. Ranar da aka ɗauke mu hoto a makaranta da allura aka kama min riga ta baya. Ban ce komai ba. Wannan ɗayar kawai, Umma."

Ta ce wa nas ɗin ta mayar da ita gado.

Agogon bango ya nuna sha biyu saura. In ta koma shago ta dawo, tukunya ta wuce, kuma ba wanda ya ce mata akwai gobe. Ta zauna a bencin nan dai na ranar farko. Allura kullum akwai guda a soke a ɗankwalinta, zare da reza suna cikin jaka. Ta farke gefen dama, ta farke na hagu, ta mayar da ɗinkin kan ainihin layin alli, wanda har yanzu ana ganin inuwarsa. Ta naɗe rarar a ciki, yadda ta saba, ta kai wa Sista.

Sista ta shafa da babban yatsa. "Wannan tudun zai kwanta mata a haƙarƙari. Fatarta ba ta fi takarda kauri ba. Yanke shi." Ta zaro almakashi daga aljihunta ta miƙa mata.

Shekara talatin da ɗoriya Zai Girma ta farke ɗinki, ta saki, ta ƙara, ta yi faci, amma ba ta taɓa yanke rara daga rigar yaro ba. Ta koma benci. Mutane suna wucewa, wata mai shara ta ce ta ɗaga ƙafa, ta ɗaga. Ta riƙe almakashin, ƙarami ne mai lanƙwasasshen baki, bai zauna mata a hannu ba. Ba ta yi tunanin komai ba. Ta yanka dama, ta yanka hagu. Ƙyalle biyu suka faɗo mata a cinya, kowanne faɗin yatsa biyu, tsawon tafin hannu. Sai ta sake farke duka, ta juya ɗinkin ya koma waje, don ko zare kada ya goge yarinyar. Ɗinkin hannu, ƙanana-ƙanana, ido kusa da yadi saboda ta baro tabarau a shago. Sau biyu ta soki yatsanta, ta tsotse da sauri kada jini ya taɓa fari.

Biyu saura minti biyar ta isa ɗakin tukunya. Mai kula da tukunyar ya riga ya kama murfi.

"An rufe, Mama. Sai gobe."

"Ba a rufe ba, ga hannunka nan a kai."

"Doka ce, in na jera kaya ba na ƙarawa."

"Ɗana, wannan rigar ba ta kai hankicinka ba. Mai ita kuma ba ta da gobe. Buɗe."

Ya kalle ta, ya kalli rigar, ya karɓa.

Sista ba ta tafi gida ba ranar, ko da yake lokacinta ya cika. Wajen ƙarfe biyar aka sa wa yarinyar rigar. Ta zauna mata cif, kamar da ita aka haife ta. Sista ta ɗaga kafaɗa, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, kwanon bai ko girgiza ba. In ba ka sani ba sai ka ce jaririya ce kamar kowace, a cikin farar riga mai ɗigon shuɗi, da ɗan tudu a gaba. Hammatar Zai Girma ta fara ƙaiƙayi. Ta bar ta.

Aka zaunar da Auta a kujera, aka sa mata matashi a cinya, Sista ta ɗauko yarinyar da 'yar robar iska a hancinta ta ɗora mata. Auta ta sanƙare kamar an ba ta kwanon ruwan zafi. Can kafaɗunta suka sauka.

"Umma."

"Na'am."

"Tana da nauyi fa."

"Da kin ɗauka auduga ce?"

"Ina jin bugun a hannuna. Ƙwas-ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa."

Mijin ya durƙusa a gefen kujerar, ya sa ɗan yatsansa a tafin 'yarsa, ta kama. Ya manta surukarsa tana wurin, ya yi ta yi wa yarinyar surutu, yana ce mata hancin nan nasa ne, ta dawo masa da abinsa. Yayarsa tana bakin ƙofa, waya a hannu, ta rasa inda za ta sa ido, don tun ranar da hoton ya fita ba wanda ya yi mata magana. Zai Girma ta juya ta dube ta.

"Ke mai waya. Zo nan."

"Umma, wallahi mutum ɗaya na..."

"Ban tambaye ki ba. Kin iya ɗauka ai, duniya ta shaida. Ɗauki wannan. Ki tabbata fuskarta ta fito, da gashin."

Ta ɗauka. Shi ne hoton da ke jikin bangon ɗakin Auta har yau. Shi kam bai zaga ko'ina ba, ba wanda ya ɗora masa waƙa. Wa zai tsaya kallon uwa riƙe da 'yarta?

Daga ranar ba a ƙara mayar da ita kwalba ba sai in za a canza bandeji. Uwa ta riƙe, uba ya riƙe, Zai Girma ma ta riƙe sau ɗaya, ta ce, "To ƙawata, kin ga rigarki. In da ƙorafi ki faɗa yanzu." Yarinyar ta yi hamma. A rana ta shida da hantsi, Auta tana zaune da ita kusa da taga, sai ta ɗago kai ta ce, "Umma, an daina ƙwanƙwasawa." Zai Girma ta je ta kira Sista. Ta dawo ta tattara kofuna da filas ta zuba a jaka, ta ninke zanen gado, ta duba ƙarƙashin gado ko an bar takalmi. Kwana biyu Auta ta samu. Da an yanka rigar daidai tun farko da ta samu ƙarin wuni guda. Ba wanda ya taɓa faɗa mata wannan, ita ma ba ta taɓa faɗa ba, amma duk su biyun sun iya lissafi.

Bayan mako ɗaya ta buɗe shago. Ƙyallayen nan biyu suna cikin aljihun keke, tare da maɓallai da tsofaffin allurai, in ta ja aljihun neman wani abu takan ture su gefe. Riguna goma sha biyun suna wurin Auta, ba ta bayar ba, ba ta kuma buɗe jakar ba. Zai Girma tana ɗinki yadda ta saba. Tana aunawa, tana jan layi, tana ɗora yatsu huɗu. Yaran layin suna nan suna iyo a cikin kaya. Sunan ma yana nan, ba wanda ya san wani da zai kira ta da shi. Maganar ce kawai ta daina fita. Mai guga ya yi ta ɗaga riguna yana leƙowa, yana cewa wannan labule ce ko riga, ko za ta tanka, sai ta ce masa, "Goge kawai."

Ranar nan da za a koma makaranta wata mata ta shigo tana jan ɗanta, sabuwar riga har gwiwa, hannu ya wuce yatsu.

"Haba baiwar Allah, dubi yaron nan fa! Kamar an aiko shi da rigar."

Ta tsaya tana jiran amsar da kowa ya sani, har ta fara murmushi. Zai Girma ta cire allura daga baki. Ta jawo yaron, ta naɗe masa hannun dama sau biyu, na hagu sau biyu, ta gyara masa kwala. Ta daɗe tafin hannunta yana kan ƙirjinsa, har yaron ya fara mutsu-mutsu.

"Allah ya sa ta matse shi," in ji ta.

Matar ta ce amin, ta ja ɗanta suka fita. Zai Girma ta mayar da allura baki, ta ɗora ƙafa a keke.